Maganin da Ake Miƙawa ta Katanga

Da na ajiye alli, ƙanwata ta ce zaman banza zai tsufar da ni, in zo in taya ta a ɗan asibitin da take aiki, can bayan kara, kasuwar dabbobi. Unguwa ce ta masu dako da masu wankau, inda kwata ke bi ta ƙofar kowa ba tare da nuna bambanci ba. Aikina shi ne in yi wa mata bayanin shan magani. Na koyar da lissafi shekara da shekaru, na ɗauka rabon ƙwaya safe da yamma ba zai gagare ni ba.

Akwai wata mai tallan fura, asalinta Kalmalo, da ke kawo 'yarta da zazzaɓin cizon sauro. A ba ta magani, yarinya ta ɗan farfaɗo, sai ga su sun dawo, idon yarinyar ya ƙara fari. Ƙanwata ta ce in aka ci gaba haka, sai ƙarin jini, in ma an kai ga nan.

Na bi ta gida. Ɗaki ɗaya ne, katangar da ta raba su da maƙwabta ba ta kai kafaɗata ba. Ta nan ake miƙa gishiri da garwashi da kwanon tuwo. Ashe ta nan maganin ke bi.

"Malama, mi za ni yi?" in ji ta. "Ɗan maƙwabciyata na kwance, jiki kamar wuta. In ɗiyata ta samu, in hana mishi?"

Na fasa laccar da na zo da ita. A unguwar nan wanda ya hana, shi ma ranar tasa zai zauna shi kaɗai.

Na sa aka kai yaron asibiti, aka ba shi nasa. Na yarinyar kuwa na leƙa katanga na damƙa wa maƙwabciyar.

"Ajiya ce, baiwar Allah. Ke za ki riƙa ba ta har ya ƙare."

Ta ƙulle shi a bakin zane. "Ko uwarta ta roƙa ba ta gani nai."

Kyauta ake rabawa a can, ajiya ba a taɓa ta. Yarinyar ta shanye maganin har ƙwayar ƙarshe, ba a kai ga ƙarin jini ba.