Tabon da Ke Cikina

A shekarar da aka karɓi mulkin kai aka yi mini aiki, aka ciro ɗana na fari. Naƙuda ta yi tsawo, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, aka kai ni asibiti. A duk Ƙofar Dumi ban san wata mace da aka taɓa tsaga wa ciki ba, balle in tambaye ta.

Da aka cire zare aka sallame ni, na tafi wanka wajen Goggo, ƙanwar mahaifina. Ta riga ta tara itace da ganye. Na gaya mata malamar asibiti ta hana sa ruwa mai zafi a wurin, ta ce idan ya kame a riƙa shafa mai ana murzawa a hankali, kada fatar ta ɗaure.

"A murza inda aka yanka?" in ji Goggo. "Kin dai ji da kyau, 'yar nan?"

"Haka ta ce, Goggo."

Ni ma ban yarda ba. Tabon ja ne, ya yi tudu daga cibiya zuwa mara. A duƙe nake tafiya, gani nake ina miƙewa zai yage. In tari ya taso, sai in dafe ciki da hannu biyu.

Wata safiya Goggo ta shigo da man kaɗanya da ta narkar a rana. Ta ce in kwanta, ta yi bisimilla. Ta lakato man da yatsunta. Daga nesa ta faro, tana matsowa. Na runtse ido ina jiran ɗumin jini. Ba jini. Amma da ta zo ƙasan tabon, ban ji yatsunta ba sam.

"Goggo, nan ba na jin komai."

Ta ɗauke hannu. Ta ce, "Gobe sai mu koma asibiti."

Wuni na yi ina tunanin naman wurin ya mutu. Washegari malamar ta duba, ta danna, ta ce haka yake yi, jin zai dawo sannu a hankali, wataƙila ba duka ba. Ta kama yatsun Goggo ta nuna mata yadda za ta riƙa zagayawa.

Kowace safiya muka ci gaba. Kafin yaron ya fara zama, tabon ya kwanta, na miƙe sosai. Wurin nan na ƙasa kuwa, har yau in na taɓa, kamar jikin wata nake taɓawa.