Ƙafar da Wada Maɗori Ya Je Kallo

Kowa a Maijirgi ya san Wada Maɗori, har jakunan garin, don su ma ya ɗora wa da dama. Gadon gidansu ne. Idan yaro ya faɗo daga kan aduwa, ko amalanke ya kife da mai shi a hanyar kasuwa, zaurensa ake nufa. Kayan aikinsa karan dawa ne da tsumma da man shanu, sai addu'ar da yake tofawa. Ga shi da taurin zuciya, kana ihu yana jan ƙafarka yana tambayarka yadda gyaɗarka ta yi bana.

Abin da ya tsana a duniya shi ne balo, wato ƙwallon ƙafa. Yakan ce wanda ka ɗora wa ƙafar dama bana, shi zai kawo maka ta hagu baɗi. Sai Allah da ikonsa ya ba shi Lurwanu, autansa, wanda tun bai iya ɗaura wando ba yake bin balon tsumma a lungu.

Bara da kaka aka kawo Lurwanu kwance a amalanke, ƙaurinsa na dama ya karye a wajen wasa. To, a gidan su Wada akwai maganar da aka gada, cewa maɗori ba ya ɗora ɗansa, domin tausayi yana sa hannu rawa. Zalika, uwar yaron, ta roƙi Wada a kai yaron asibitin Tasawa, ko ya kira ƙanensa Na Allah, wanda shi ma yana ɗori. Wada ya ƙi, ya ce da ransa ba za a fita da karaya daga gidansa ba. Ya ɗora da kansa, kuma hannun ya yi rawar, shi ya sani. Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Yaro ya warke, ya tashi, har ya koma gudu. Amma kullum da safe Wada sai ya riƙa satar kallon tafiyarsa, yana ganin kamar akwai ɗan ɗingishi. Zalika kuwa magana ɗaya ta yi masa, ba ta ƙara ba.

"Malam, in ƙafar Auta ta sake karyewa a wurin nan, ban san da wane ido zan dube ka ba."

A hutun damina samarin Maijirgi suka kai wasan ƙarshe na kofin ƙauyuka, za su kara da na Attantane a Tasawa, kuma Lurwanu na cikinsu. Wada ya so ya hana shi, amma ina hali? Ranar da ya hana, ranar gari zai ce maɗori bai yarda da ɗorinsa ba. Ya haɗiye maganar, ya hau kabu-kabu ya bi su, mutumin da bai taɓa tsayawa kallon balo ba tun da aka haife shi.

Bayan la'asar fili ya cika, yara har kan katanga, ganguna na tashi. Wada ya tsaya bakin igiyar da aka kewaye filin da ita, kusa da maƙwabcinsa Faruk mai shayi. Jama'a suna bin balo da ido, shi kuwa ƙauri ɗaya yake kallo. Attantane ta jefa ɗaya, Maijirgi ta rama, duk bai sani ba sai da Faruk ya girgiza shi. Da wani ƙaton ɗan baya ya kwashe Lurwanu ya faɗi, sai ga dattijo ya tsallake igiya da babbar riga, arbit, alƙalin wasa, na busa masa usur yana korarsa. Kafin ya isa yaron ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa. Wada ya dawo bakin igiya, ƴan kallo na yi masa dariya.

Lokaci ya cika ɗaya da ɗaya, aka koma penalti. Faruk ya yi masa bayani cewa kowane gefe zai buga biyar. Attantane ta jefa biyar ɗinta, Maijirgi ta jefa huɗu, sai Faruk ya ce na ƙarshen Maijirgi Lurwanu ne, in bai jefa ba kofi ya tafi. Wada ya tambaya ko doka ta yarda yaro ya buga da hagu. Faruk ya ce ta yarda, amma ɗanka ba ya ko tsallake kwata da hagu.

Lurwanu ya ja da baya, ya sheƙo, ya narka wa balo ƙafar nan ta dama da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Balo ya tashi sama, ya wuce raga, ya wuce katanga, ya faɗa gonar geron wani bawan Allah. Ƴan Attantane suka ɓarke da murna, mutanen Maijirgi suka ɗora hannu a ka. A cikinsu aka ji murya ɗaya ta ce alhamdulillahi da ƙarfi.

"Baba, an fa ci mu," in ji Faruk.

Wada bai ko waiwaye shi ba. Ya je ya tarar da Lurwanu zaune a ƙasa yana kuka, ya tsuguna, ya kama ƙaurin ya bi shi da babban yatsa daga gwiwa har idon sawu. Ƙashi lafiya lau, babu zafi, babu kumburi. Nauyin da ya kwana da shi wata da watanni ya sauka, har shi ma ya ji ƙwalla.

Ana kiran magariba suka iso gida. Labarin kofi ya riga su, amma Zalika ba shi take jira ba. Tana tsaye bakin madafa da muciya a hannu.

"Ƙafar fa, Malam?"

Wada ya cire hula ya share gumi.

"Mun baro su suna neman balon a cikin gero."

Zalika ta juya wajen tukunya da sauri don kada ya ga fuskarta. Da ta kawo masa tuwo, man shanun da ke kan miyar ya fi na kullum yawa.