Bakan da Wale Ya Bari

Malam Ubale kafinta ne a Tudun Ƙofa, amma mutanen unguwar sun fi saninsa da harbi. Mahaifinsa maharbi ne, da bakan gora da kibau masu dafi ya ciyar da gidansa. Ubale ya gaji son dajin, sai dai zarto da guduma ne suka riƙe shi.

Yana tsakiyar ƙarfinsa ya haɗu da Wale, wani makanike Bayarabe mai gareji a bakin hanyar Akwanga. Benci Ubale ya je yi masa, hira ta kai su ga farauta, ashe shi ma Wale ɗan maharbi ne a can Ogbomosho. Daga nan duk Asabar ɗin da babu aiki suka riƙa hawa babur su nufi dajin da ke wajen Laminga. Hausar Wale a karkace take, Ubale kuma ba ya jin Yarabanci ko kalma, amma a daji magana ba ta da yawa. Ɗaga gira ya isa.

Wata shekara Wale ya je Legas sayen kayan mota, ya dawo da wani abu a naɗe cikin bargo. A cikin kayan gwanjo ya tsinto shi: baka ne na Turai, baƙi, mai 'yan tayoyi a kai biyu, tsirkiyarsa tana zagaye su. Ubale ya yi dariya ya ce wannan ai keke ne ba baka ba. Da ya ja sai dariyar ta tsaya. Farkon ja da tauri, amma da hannu ya kai kunne sai nauyin ya sauka, mutum ya tsaya ya yi saiti a natse. Da bakan nan suka harbi zabin daji da gyazbi, wani lokaci har gada. Karɓa-karɓa suke yi, wanda bai riƙe baka ba shi ke ɗaukar nama.

Da tsufa ya fara taɓa Wale, 'ya'yansa suka matsa masa ya koma gida. Ranar tafiya ya kawo bakan shagon Ubale, ya ajiye a kan teburin aiki, ya ce can garinsu babu wanda zai fita da shi. Ubale ya raka shi tasha, ya dawo bai iya yin aiki ba ranar.

Ya ci gaba da fita shi kaɗai, amma abubuwa suna ta canzawa. Inda suka saba ajiye babur an zagaye shi da katanga, an kafa allon masu sayar da filaye. Tsirkiyar bakan ta fara gashi, taya ɗaya tana ƙara idan an ja. Kafaɗarsa ta dama kuma, wadda ta sha zarto shekara da shekaru, ta soma ƙin ba shi haɗin kai. Wata safiya ya ga gada kusa, ya ɗaga bakan, hannu ya ƙi kaiwa. Yana tsaye tana kallonsa har ta gaji ta wuce.

Matarsa Salamatu ce ta kai labarin ga babban ɗansu Abdulrahman, wanda ke aiki a Abuja yana dawowa ƙarshen mako. Abdulrahman ya nuna wa uban hotunan sababbin bakuna a waya, ya ce yanzu ana yin marasa nauyi, masu sauƙin ja, kuma shi zai saya masa. Ubale ya ce zai yi tunani. Da yaron ya ga tunanin ya ƙi ƙarewa sai ya ɗauke shi a mota har wani fili a Abuja inda matasa ke koyon harbin baka don wasa. Mai kula da wurin, wani mutum mai suna Ɗayyabu, ya miƙa masa sabon baka.

Ubale ya ja, kafaɗar ba ta ce komai ba. Ya saki, kibiya ta tafi shiru ta zauna kusa da tsakiyar allo. Ya sake, ta zauna gefen ta farko. Ya daɗe yana juya bakan a hannunsa. Ya so shi, kuma bai ɓoye ba. Ɗayyabu ya duba tsohon bakan, wanda suka zo da shi, ya ce irinsa an daina yi tuntuni. Ana iya sa masa sabuwar tsirkiya, a sassauta shi daidai kafaɗar mai shi, amma idan an sassauta ba zai ƙara kayar da gada ba, sai tsuntsu da ƙananan namu.

Damina guda Ubale ya yi yana juya maganar. Yakan ce wa Salamatu ai kayan aiki kayan aiki ne, shi da kansa ya canza zarto ya fi a ƙirga. Washegari kuma sai ta gan shi a zaure yana shafa wa tsohon bakan mai.

Daga ƙarshe ya kira Wale. Muryar Wale ta tsufa, ya ce idanunsa sun yi hazo, ko karatun waya sai an yi masa. Ubale ya ba shi labarin sabon bakan.

"Malam Ubale, ka karɓa mana," in ji Wale. "Yaro ya ce zai saya, kai kana jira me?"

"Oga Wale, ba bakan ne ya dame ni ba."

"Na sani."

Can Wale ya tambaya ko har yanzu zabi suna sauka a fadamar nan ta bayan dutse. Ubale ya ce fadamar ta zama gidaje. Wale ya ce to, Allah mai iko.

Da Abdulrahman ya zo ƙarshen mako, uban ya sa masa albarka, ya ce ya bar sabon. Ya ce shekarun harbin da suka rage masa ba su kai a sayo musu sabon baka ba, a kai wa Ɗayyabu tsohon ya gyara. Abdulrahman ya so ya yi musu, uwarsa ta girgiza masa kai.

Da kaka ta yi, Ubale ya rataya tsohon bakan da aka gyara, ya hau babur ya wuce Laminga da nisa, har inda katangu suka ƙare. Ya samu garken zabi a gindin wani tudu, ya ɗana kibiya ya saki. Ta faɗi gabansu, suka watse cikin ciyawa suna kuka. Bai bi su ba. Ya hau tudun, ya ga waya tana kamawa, ya kira Ogbomosho. Da aka ɗauka bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Oga Wale, saurara," ya ɗaga wayar sama wajen da zabin suke kiran juna. Ya riƙe ta haka har kafaɗar ta fara ciwo, sannan ya mayar da ita hannun hagu.