Lauyar da Ta Ƙi Karɓar Kifin Inna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu mai wayo irina a gidanmu don kawai na gama sakandare, aka kama yayana. Sana'arsa fito, yana ɗaukar mutane da kaya a jirgin ruwa daga ɓangarenmu na Bagudo zuwa bakin iyakar Benin. Wata ranar kasuwa wani ya loda masa babur, ashe na sata ne. Da ganin jami'ai mutumin ya sulale, aka bar yayana da kaya a jirgi. Kafin mu farga an kai shi kotu, daga can sai gidan yari a birni, zaman jiran shari'a.

Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu, ita ta gaya mana akwai lauyoyin da gwamnati ke biya don su tsaya wa marasa hali. Muka shirya ni da mahaifiyata. Kwana biyu ta yi tana bandar kifi, ta zaɓi manyan tarwaɗa ta cika kwando.

Lauyar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta tambayi abin da yayana ke samu, ta cike takarda, na sa hannu. Ta ce aikinta ba mu biyan ko sisi, namu kawai kuɗin motarmu da nemo dattijon da zai tsaya masa beli. Da za mu tashi mahaifiyata ta tura kwandon gabanta.

"Ɗiyata, ga ɗan abin miya."

"Inna, Allah ya saka da alheri, amma dokar aikinmu ta hana. Ki kai wa jikoki."

Sau uku tana turawa, sau uku ana maido mata. A mota, da muka kusa gida, mahaifiyata ta juyo ta dube ni.

"Wagga ɗiya ta san ba shi hita," in ji ta. "Malami in ya maido maka kahin alƙalami, ya ga abin da ya gani."

Haka ta taso ta gani: mai magani ba ya mayar da abin hannu sai ya tabbata ciwon ba na tashi ba ne. Ni da ya kamata in fahimtar da ita, sai na gyara zama na ce ai dama araha ba ta ado, kuma yaushe lauyar gwamnati za ta ja da gwamnati? Ɗan boko ya yi magana, kowa ya gyaɗa kai.

Muka koma hannun wani mai jaka da ke shawagi a harabar kotu, wai ya san hanya. Shi kam hannu biyu ya sa ya karɓi kifi, har yana tambayar ko da saura. Injin jirgin yayana muka sayar muka ba shi kuɗin. Lauyar ta yi ta kirana a waya, ina gani na ƙi ɗauka. Da farko kunya ce, daga baya ta zama girman kai.

Yau da gobe, damina ta zo ta wuce, mai jaka ya daina amsa wayata kamar yadda na yi wa wata. Mahaifiyata ta fara kumburin ƙafa. Duk da haka kullum la'asar sai ta sa an fitar mata da tabarma ƙofar gida, lokacin da motocin birni ke isowa.

Wata na tara lauyar ta kai ziyarar aiki gidan yarin, ta tarar da yayana yana nan. Ta kira ni da wata lamba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tambaya ko mun samu wani lauya ne. Na ce a'a. Ta ce to in kawo mai tsayawa. Na kai kawunmu, cikin mako uku aka ba da beli, daga baya ma aka kori ƙarar don babu shaidar da ta nuna ya san na sata ne.

Saura kwana tara ya fito mahaifiyata ta rasu. Ba mu iya gaya masa ba. Da ya sauka daga mota bai tsaya gaisawa ba, ya wuce ƙofar ɗakinta ya yi sallama, ya sake yi da ƙarfi don ya san kunnenta ya yi nauyi. Kawu ne ya je ya riƙe masa hannu.

Yanzu duk wanda na ji an kama wa ɗan'uwa, da kaina nake kwatanta masa ofishin, in ce idan sun ƙi karɓar abinsa kada ya tsorata, haka aikin yake. Amma wannan bai rage mini komai ba. Yayana bai san an yi ta kirana ba. Har gobe idan zancen ya taso yakan sa wa lauyar albarka, sannan ya ce, "Da dai ta zo da wuri, da na iske Inna." Ina zaune kusa da shi, ban taɓa gyara masa ba.