Ɗorawar Uwata da Alƙalin da Ya Kira Ni Inna

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, baki Allah ya ba ni, wata ce ke rubuta muku. A zamanin soja, lokacin da ma'aikatan Abuja suka fara cika Suleja, ni ce mai daddawar unguwar Magajiya. Ba yabon kai ba, matan gari sun sani, miyar da babu daddawata ruwan zafi ce. Kalwata kuwa ba ta kasuwa ba ce, daga itatuwan ɗorawa take da na gada wurin uwata a Maje. Gonar ta wasu ce, itatuwan namu. Haka aka saba tun kakanni, mai ƙasa ya yi nomansa, mai itace ta zo ta kaɗe abinta.

Sai 'ya'yan mai gonar suka sayar wa wani mai gine-gine, ya ce shi bai sayi ƙasa da tsohuwa a ciki ba. Na kai ƙara. Alƙalin ya tarbe ni kamar uwar da ta haife shi, Inna sama Inna ƙasa, wai da daddawata aka raine shi. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ɗan gari ne, ya san al'ada. Ƙanena ya ce in nemi kotu ta hana taɓa itatuwan kafin a gama shari'a, don yawan Innar nan bai kwanta masa ba. Na ce ya rufe mini baki, sarkin zargi, babban mutum ya rusuna mini a gaban jama'a sannan in nuna ban yarda da shi ba? To, yau a ɗage, gobe alƙali ya yi tafiya, jibi babu motar zuwa duba wuri, har damina ta wuce. Ranar da aka kai mu gonar, kututture muka tarar, har an cinna musu wuta. Alƙalin ko kallona bai yi ba. Ya ce shi bai ga itace ba, kuma ba a shari'a a kan abin da babu. A ranar nan, sunana ya tashi daga Inna ya koma mai ƙara.

Daga baya na bi ta Maje zuwa suna, na ga ana ɗora bulo daidai inda babbar ɗorawar take. Na tambayi magina na wa ne, suka yi dariya suka ce ai na alƙali ne, mai gine-ginen ya yankar masa filin. Wallahi sai da na dafa katangar.

Yanzu a Lambata nake sayen kalwa kamar kowa, wannan na haƙura. Abin da ke cina shi ne da bakina na kare mutumin, har na ci mutuncin ɗan'uwana. 'Yan'uwana mata masu itace a gonar wasu, in kun je kotu kada zaƙin baki ya ruɗe ku. Ku sa a tsare muku abinku tun yana tsaye. Ni ina can ina amsa gaisuwa, ashe ana wasa gatari.