Hular Kwano a Kan Kabet ɗin Inna

Ni na fara shiga jami'a a gidanmu, wannan kam a sani. Kemistiri na karanta, wato ilimin sinadarai. Ƙanena da ke bi na, wanda ni na koya masa ɗaure maraƙi a turke, shi ya biyo baya ya karanta aikin injiniyan gine-gine. Tun bai gama ba mutanen ƙauyenmu Gude suka manta sunansa, kowa sai Injiniya. Ni kuwa har yau Malam ne, ina koyarwa a wata sakandare a Gwarzo. Wallahi abin yana cin raina.

Ranar da na zo gida da farar rigar da muke sawa a ɗakin gwaji, na wanke ta na shanya a igiya. Kafin la'asar mata sun cika tsakar gida, wannan da ciwon gwiwa, waccan da jinjiri mai tari. Wai ɗan gidan ya zama likita. Na ce musu ni ba likita ba ne. Wata tsohuwa ta ce, "To kai ɗan nan, me kake yi da farar riga?" Na fara bayani, suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Inna, mahaifiyarmu, ko ɗagowa ba ta yi daga ƙwaryar nononta ba. Don haushi na tafi na bar rigar a igiya.

Shi kuwa gogan ya samu aiki a kamfanin da ke gina gadoji da kwalbati. Ya zo gida a motar aiki, ya bar wa Inna tsohuwar hular kwanonsa, ruwan ɗorawa. Ta ɗora ta can saman kabet, sama da kwanukan aurenta. Kullum sai an goge. Duk macen da ta shigo sai an nuna mata: "Ta Injiniya ce." Hular roba fa! Ni duk zuwan da zan yi gaisuwa sai na duba ɗakin nan ko zan ga farin ƙyalle a wani lungu. Babu.

Ranar sunan ɗan Injiniya na kasa daurewa. Na leƙa ɗakin Inna, cike da mata, tana riƙe da hular ana ta guɗa. Ban san lokacin da na ce, "Inna, ni ina tawa rigar? Ko an tace gasara da ita ne?" ba. Ta ajiye hular, ta ja mayafi ta fita.

Gwaggo, yayar Baba, ta janyo ni bayan rumbu. Ta ce, "Kai, duk bokon nan ba ka da kai? Ɗan fari ne fa kai. Ko sunanka ka taɓa ji a bakinta? Kunya ce, so kake ta rataye ka a bango mutane su zage ta?" Da mata suka fita cin abinci ta shigar da ni ɗakin, ta buɗe akwatin ƙarfen Inna. Can ƙarƙashin zannuwan sallarta ga rigata a ninke, fes, tana ƙamshin turaren wuta. Gwaggo ta ce, "Duk sallah sai ta wanke ta, ta aika da ita garin Kabo a yi mata guga."

Na tsaya riƙe da rigar, hawaye na neman zubo mini. Na san ya kamata zuciyata ta yi sanyi, kuma ta yi, kaɗan. Amma da na ɗaga kai sai ga hular nan an riga an mayar da ita saman kabet, tana sheƙi. Ni a can nake so a ajiye ni, inda mutane za su gani.