Shinkafar Kawu da Firjin Asibiti

Har yau na kasa mantawa da ranar da na tsaya a gaban matan ƙauye na rasa inda zan sa fuskata. Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ni ne mai kula da wata ƙaramar tashar sola a wani ƙauye tsakanin Aliero da Maiyama. Maigidana, Injiniya Bello, shi ne shugaban shiyya, yana zaune a Jega. Aikin tashar ba shi da wuyar ganewa. Da rana allunan sola suna ba gari wuta, abin da ya rage ya shiga batura. Idan rana ta faɗi kuma babban layin lantarki da ke zuwa daga Jega ba wuta, batura su ɗauki garin. Muna da doka biyu. Manyan injina ba sa aiki sai da rana tsaka. Sannan akwai wani kaso na batir da ba a taɓawa, an ware shi don famfon ruwa da firjin ƙaramin asibitin garin, inda ake ajiye allurar rigakafin yara.

Cikin damina ne, iska ta kayar da turakun babban layi, kwana uku ba wuta daga Jega. Bayan la'asar sai ga Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata, mai injin casar shinkafa. Ya ce motar da za ta ɗauki kayansa ta iso, saura 'yan buhuna.

Na ce, "Kawu, rana ta yi sanyi, batir kaɗai muka da."

Ya ce, "Haba ɗana, awa guda ce hwa. Ni da nir riƙa ka har kag gama makaranta, yau wuta za ka hana min?"

Na kasa ce masa a'a. Na mayar wa injinsa wuta. Da na'urar da ke kula da batura ta fara kukan gargaɗi cewa an kai kason da ba a taɓawa, na danna na kashe kukan, na ce gobe rana za ta fito ta cika. Awa guda ta koma uku.

Gari ya waye da hadari. Baturan sun riga sun kashe kansu tun kafin asuba, kuma har azahar rana ba ta leƙo ba. Ranar ce ranar rigakafi. Da na isa asibiti na tarar da mata jere a baranda da goyo, wasu tun daga rugage suka tako cikin taɓo. Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, ta buɗe min firjin ta ce in sa hannu. Ɗumi na ji. Ta ce dokar aikinsu ba ta yarda a yi wa yaro allurar da ta yi zafi ba, duk sai an zubar.

Ta fita ta sallami matan. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta taso mata: "Ke ba ki san aikinki ba? Mun baro gona mun taho, ki ce mu koma?" Malama Hadiza ta yi ta ba su haƙuri. Ta juyo ta tambaye ni mi ya faru da wutar. A gaban kowa na ce, "Hadari ne, Malama." Na bari suna zaginta, na hau babur na tafi.

Kashegari Injiniya Bello ya zo. Ya jona kwamfutarsa da na'urar, wadda ke rubuta duk abin da aka yi da lokacinsa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Umaru, wane hadari ne ke cin wuta haka da la'asar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Na faɗa masa komai.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce takardar gargaɗi tana nan zuwa, amma kafin nan in je in faɗa wa wadda na bari da zagi. Da aka kawo sabuwar allura bayan mako biyu, matan suka dawo, na tsaya a barandar nan na ce laifina ne, ba na Malama ba. Ita dai cewa ta yi, "Allah shi kyauta," ta ci gaba da aikinta. Yara biyu daga ruga ba a dawo da su ba, don iyayensu sun tashi da shanu. Ban san ko an yi musu a wani wuri ba, kuma abin yana damuna har yanzu.

Abin da na koya shi ne, wutar da ke cikin batir da yamma ta riga ta zama ta wasu, mutanen da ba sa nan balle su roƙe ka. Wanda ya zo ya tsaya a kanka yana da baki, kuma sau da yawa naka ne. In kuka ji na'ura tana kuka, ku bar ta ta yi, ku fita ku ba mai roƙon haƙuri.